Tsakuwa a Lambu: Yadda Take Riƙe Ruwa da Yadda Ake Tsabtace Ta

A ƙauyukanmu da yawa, babu aikin da ya kai ban ruwa cin ƙarfi a lokacin rani. Mata da yara sukan yi sammako zuwa rijiya ko rafi, su ɗauko ruwa a ka, a zuba wa 'yan itatuwan da aka dasa da damina. Kafin tsakar rana ƙasar ta bushe ƙayau, kamar ba a zuba komai ba. Kafin ruwan sama ya dawo, mangwaro da gwaba da lemon da aka sayo da kuɗi, da yawa sun mutu.

Ba dukan ruwan da muke zubawa shuka take sha ba. Rana da iska suna kwashe kaso mai yawa daga fuskar ƙasa. Maganin wannan shi ne a rufe ƙasar. Mun saba rufe ta da busasshiyar ciyawa, ko kara, ko ƙaiƙayi, ko ɓawon gyaɗa, kuma wannan hanya ce mai kyau ƙwarai. Amma da rani dabbobi ma suna bukatar waɗannan abubuwa. Abin da ya rage kuwa, gara ta ci, iska ta kwashe, ko wuta ta lashe.

Akwai wani abin rufe ƙasa da ke zube a gefen gonaki da gindin duwatsu, ba mai kula da shi, wato tsakuwa. Tana hana ruwa gudu daga ƙasa, tana kuma daɗewa shekara da shekaru. Sai dai tana da sharaɗi guda: dole ta zauna da tsabta. Ranar da ƙura da turɓaya suka cika tsakaninta, aikinta ya ƙare.

Ta ina ruwa yake gudu?

Ku dubi fitilar kananzir. Man yana can ƙasa cikin tanki, wuta tana sama. Lagwani ne yake jawo man zuwa sama, domin zarensa a matse yake, ƙofofin da ke tsakaninsa ƙanana ne ƙwarai. Muddin wuta tana ci, lagwani zai yi ta jawo mai har tankin ya ƙafe.

Haka ƙasa take yi da ruwa. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Idan rana ta busar da saman ƙasa, ruwan da ke ciki sai ya biyo waɗannan ƙofofi ya hau, rana ta sāke busar da shi, wani ya sāke hawa. Ƙasa ce lagwanin, rana ce wutar.

Ƙofofin da ke tsakanin tsakuwa manya ne, ruwa ba ya iya hawa ta cikinsu. Idan aka shimfiɗa tsakuwa a kan ƙasa, kamar an yanke lagwani ne. Ruwa yana zuwa gindin tsakuwar ya tsaya. Rana ba ta taɓa ƙasar, iska kuma ba ta bi ta kanta. Ruwan sama ko na bokiti kuwa yana ratsa tsakuwar cikin sauƙi ya shiga ƙasa. Ƙofar shiga a buɗe, ta fita a rufe.

Daga nan za mu gane dalilin tsabta. Idan ƙura ta cika ƙofofin tsakuwa, an sāke ɗaura lagwanin ke nan. Ruwa zai biyo ƙurar ya hau har sama, ya tafi kamar dā. Saboda haka tsabtace tsakuwar lambu ya wuce maganar ado. Shi ne abin da ke sa ta ci gaba da aiki.

Manoman da suka daɗe suna yin haka

Wannan dabara tsohuwa ce. A lardin Gansu da ke arewa maso yammacin ƙasar Sin, kewayen birnin Lanzhou, ruwan sama na shekara bai wuce milimita 250 zuwa 350 ba, wato bai kai rabin abin da Kano take samu ba. Kimanin shekaru 300 ke nan manoman wurin suna rufe gonakinsu da tsakuwa haɗe da yashi mai gautsi. Sukan nome gonar, su zuba taki, su daidaita ta, sa'an nan su shimfiɗa tsakuwar, kaurinta kamar santimita 10. Lokacin shuka sai su ture tsakuwar gefe a hankali, su binne iri a cikin ƙasa. Da haka suke samun kankana da alkama a wurin da fari ya yi yawa.

Waɗannan manoma sun san cewa gonar tsakuwa tana tsufa. Kowace shekara ƙasa kaɗan tana haɗuwa da tsakuwar, amfanin gona yana raguwa. Wadda ruwan sama kaɗai take sha tana iya yin shekaru talatin ko fiye. Wadda ake yi wa ban ruwa kuwa, cikin 'yan shekaru kaɗan take toshewa, domin ruwan yana zuwa da laka. Suna da wani karin magana a kan wannan, ma'anarsa ita ce: uba ya sha wahala, ɗa ya ci daɗi, jika ya kwana da yunwa. Uba ne ya yi dakon tsakuwar, ɗa ya girbe albarkarta, jika kuma ya gaji gonar da ta toshe domin ba wanda ya sabunta ta.

Misali na biyu yana tsibirin Lanzarote, wanda ke ƙarƙashin ƙasar Sifen amma yana cikin teku kusa da gaɓar Maroko. Daga 1730 zuwa 1736 duwatsun tsibirin suka yi aman wuta, baƙar tsakuwa mai ƙananan huji ta rufe gonaki masu yawa. Mutane suka ɗauka ƙasar ta lalace ke nan. Daga baya suka lura cewa ƙasar da ke ƙarƙashin tsakuwar tana riƙe danshi, abin da aka shuka a cikinta yana yin kyau. Sai suka fara ɗaukar tsakuwar da kansu suna kai wa gonakin da ba ta kai ba. Ruwan saman tsibirin bai kai milimita 200 a shekara ba, amma har yau suna noman inabi da albasa da dankali ta wannan hanya.

Mu lura da abu guda. Waɗannan wurare biyu ba su da zafi irin namu. A Gansu ana sanyi mai tsanani, saboda haka ɗumin da tsakuwa take ba ƙasa alheri ne a gare su. A wurinmu, zafin watan Maris zuwa Mayu yana iya mai da wannan ɗumi abin cutarwa. Za mu ɗauki dabarar, amma mu yi ta yadda ta dace da ƙasarmu.

Amfaninta da illarta

Ga amfanin tsakuwa:

- Tana rage ruwan da rana da iska suke kwashewa, sai a rage yawan zuwa rijiya.
- Tana karya ƙarfin ɗigon ruwan sama, fuskar ƙasa ba ta yin ɓawon nan mai tauri da ke hana ruwa shiga.
- Tana rage zaizayar ƙasa, ta ruwa da ta iska.
- Tana rage ciyawa, domin irin da ke ƙarƙashinta ba ya samun haske.
- Gara ba ta cin ta, awaki ba sa kiwon ta, wuta ba ta ƙone ta, ba ta kuma ruɓewa.

Ga kuma illarta:

- Ba ta ciyar da ƙasa. Ciyawa da kara suna ruɓewa su zama taki, tsakuwa ba ta ƙara komai. Wanda ya rufe ƙasa da ita ya manta da taki, ƙasarsa za ta gaji.
- Tana ɗaukar zafi, musamman baƙa. Ƙaramar shuka mai laushi tana iya ƙonewa a kusa da ita.
- Tana da nauyi, ɗaukarta aiki ne babba.
- Idan ta gauraye da ƙasa, fitar da ita yana da wuya, tana kuma dakusar da fartanya.
- Kunama da maciji suna son fakewa ƙarƙashin manyan duwatsu.

Don haka inda ciyawa da kara suka wadata, a ci gaba da amfani da su. Tsakuwa ta wurin da babu su ce, ko inda gara ba ta barin su kwana.

Inda ta dace, da inda ba ta dace ba

Ta fi dacewa da abin da zai daɗe a wuri ɗaya ba a tona gindinsa ba. Wato itatuwa irin su mangwaro, gwaba, lemo, zogale da dabino, da shuke-shuken shinge. Tana kuma yi wa kankana da kabewa da duma kyau, domin ganyensu yana yaɗuwa ya yi wa tsakuwar inuwa, 'ya'yan kuma ba sa kwanciya cikin laka.

Tana da amfani a hanyoyin da ke tsakanin kwamin lambu, da ƙarƙashin indararo inda ruwan rufi yake haƙa rami, da kewayen rijiya ko famfo inda taɓo yake taruwa sauro ya hayayyafa. Harabar majami'a da ta makaranta da ta ɗakin shan magani, duk wuraren da ake dasa itatuwa amma ba mai ba su ruwa kullum, za su amfana.

Kada a sa ta a kwamin alayyafo, latas, karas ko gyaɗa, ko wurin renon iri. Waɗannan ana tona ƙasarsu kowane 'yan makonni, tsakuwar za ta nutse. Kada a sa ta a ƙasar laka ko fadamar da ruwa yake kwanciya, domin da damina ƙasar ba za ta sha iska ba, saiwa ta ruɓe.

Kada kuma a yi tunanin rufe dukan gona. Kadada ɗaya, idan za a yi mata kaurin santimita 10, tana cin bokiti 100,000 mai lita 10, nauyin da ya kai kusan tan 1,500. Ga babbar gona mai duwatsu, abin da ya fi shi ne a jera duwatsun layi-layi a gicciye da gangare domin su tare ruwa, kamar yadda manoman Adar a jihar Tawa ta Nijar, da na Yatenga a Burkina Faso, suka yi ta yi tun shekarun 1980. Wannan wani aiki ne dabam. Tsakuwa ta lambu ce da gindin itace.

Wace irin tsakuwa za a nema?

A nemi wadda girmanta ya kama daga ƙwayar gyaɗa zuwa goro. Wadda ta fi haka ƙanƙanta tana saurin toshewa. Wadda ta fi haka girma tana barin manyan ƙofofi, iska ta shiga ta busar da ƙasa, kunama kuma ta sami ɗaki. Fara ko mai haske ta fi baƙa, domin ba ta ɗaukar zafi sosai. Burji da tsakuwar marmara suna yi, amma sai an tankaɗe jar ƙurar da ke jikinsu, kuma wadda take marmashewa a hannu ba za ta daɗe ba.

Wurin da ya fi kyau a samo ta shi ne gonarku, inda dā ma tana damun fartanya, da gindin tudu. Kafin a ɗiba a filin da ba naku ba, a nemi izinin mai shi ko mai unguwa. Kada a haƙe gaɓar rafi ko gindin gada, domin gaɓar za ta zube da damina ta ci gonakin mutane. Idan an haƙa rami, a cike shi. Ramin da aka bari a buɗe yana tara ruwa, yaro yana iya faɗawa.

Akwai wuraren da ba za a taɓa tsakuwarsu ba ko kyauta ce:

- Wurin haƙar ma'adinai da inda ake niƙa dutsen zinariya. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka mutu saboda gubar dalma da ke cikin ƙurar dutsen da aka riƙa kawowa gida ana niƙawa. Ido ba ya ganin wannan guba, wanki kuma ba ya ba da tabbacin ta fita. Tulin ƙasar da aka bari a tsofaffin ramukan kuza ma a bar shi inda yake.
- Garejin makanikai da inda ake zubar da baƙin mai ko tsofaffin batura.
- Kusa da masai, da juji, da magudanar ƙazanta.

Nawa ake bukata?

Kaurin da ya dace shi ne santimita 5 zuwa 8, wato faɗin yatsu uku zuwa huɗu. Idan bai kai haka ba, rana za ta leƙa ƙasa, ciyawa ta fito.

Wuri mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, a kaurin santimita 5, yana cin lita 50, wato bokiti 5 mai lita 10. Ƙaramin itace da aka yi wa da'ira mai faɗin mita ɗaya yana cin bokiti 4. Idan da'irar ta kai faɗin mita biyu, sai an sami bokiti 16. Ku yi wannan lissafi kafin ku fara. Gara a rufe itace biyar da kyau da a barbaɗa wa ashirin.

Yadda ake shimfiɗa ta

Lokacin da ya fi kyau shi ne ƙarshen damina, ƙasa tana da sauran danshi. Tsakuwa ba ta kawo ruwa, wanda ta tarar take tsarewa.

1. A tuge ciyawa duka har saiwa. A kula da ƙiri-ƙiri da aya-aya da tofa, domin suna tsirowa daga ƙarƙashin ƙasa, tsakuwa ba ta hana su fitowa.
2. A sassauta ƙasar sama-sama, ban da sare saiwar itace. A zuba ruɓaɓɓen taki a gauraya.
3. A daidaita wurin, a yi shi kamar faranti mai ɗan zurfi domin ruwa ya tsaya. A danna da tafin hannu ko bayan shebur, fuskar ƙasar ta yi sumul. Wannan yana hana tsakuwa nutsewa.
4. A kewaye wurin da manyan duwatsu ko tubali, a matse su da kyau. Suna hana tsakuwa watsewa, suna kuma hana ruwa kwararo laka a kanta.
5. A ba ƙasar ruwa sosai.
6. A tankaɗe tsakuwar, idan da hali a ɗauraye ta. Kada a zuba ta da ƙurarta.
7. A shimfiɗa ta a hankali da hannu ko manjagara. Kada a buga ta, wannan ba daɓe ba ne. Ƙofofin nan su ake so.
8. A bar faɗin tafin hannu kewaye da jikin itacen babu tsakuwa, domin zafinta kada ya ƙona ɓawon, kuma gindin ya sha iska.

Wasu sukan shimfiɗa leda a ƙarƙashi domin hana ciyawa. Kada a yi haka a gindin shuka. Leda tana hana ruwan sama da iska shiga, daga baya ta yayyage ta cika ƙasa, dabbobi su ci. Idan itacen ƙarami ne kuma bazara ta matso, a yi masa 'yar rumfa da zana ko kara har ya yi inuwar kansa.

Ban ruwa bayan an shimfiɗa

Tun da ba a ganin ƙasar, kada a zuba ruwa da ka. A ture tsakuwa kaɗan, a cusa yatsa cikin ƙasa. Idan da danshi, a mayar da tsakuwar a bari sai gobe. Yawan ruwa yana kashe itace kamar yadda ƙishi yake kashe shi.

A zuba ruwan a hankali, da safe ko da yamma. Idan aka kwara shi da ƙarfi daga sama, yana tono ƙasa ya gauraya ta da tsakuwa. Idan ruwan rafi ne mai laka, a bar shi ya kwanta cikin bokiti tukuna. Dabara mai kyau ita ce a binne tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta ba kusa da itacen, bakinta a waje, a riƙa cika ta ana rufewa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa kai tsaye zuwa saiwa, tsakuwar kuma ta zauna a bushe da tsabta.

Abin da ke ɓata tsakuwa

Abu na farko shi ne ƙurar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris iska tana ɗauko ƙura daga hamada, da yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Yadda take kwanciya a kan tebur da kwanuka, haka take shiga tsakanin tsakuwa. Na biyu shi ne ganyen da ya faɗo ya ruɓe. Na uku, laka da ruwa ya kawo. Sai kuma gara da tururuwa da ke fito da ƙasa daga ƙarƙashi, da kaji masu tono, da sawun mutane da dabbobi.

Ga alamun da za su nuna lokacin gyara ya yi:

- Idan kun ɗebo tsakuwa cike da hannu, ƙasa tana zuba tsakanin yatsunku.
- Ƙananan ciyayi suna tsirowa a sama, saiwarsu a cikin tsakuwar take.
- Ruwa yana tsayawa a kai kafin ya shige.
- Ƙasar tana bushewa da sauri fiye da dā.

Yadda ake tsabtace ta

*Kowane mako.* A tsince ganye da kashin dabbobi da leda. A tuge ciyawa da hannu tun tana ƙarama, a riƙe tsakuwar da ɗaya hannun domin saiwa kada ta jawo ƙasa sama. Kada a sa fartanya. Rigakafi ya fi magani, aikin minti biyar a mako yana rage na yini guda a shekara.

*Sau ɗaya a shekara.* Bayan hunturu ya wuce, kafin ruwan fari, a tankaɗe tsakuwar duka. A haɗa katako huɗu, a buga ragar waya da ƙusa, irin rariyar da magina suke tankaɗe yashi da ita. Idanun ragar su fi ƙaramar tsakuwarku ƙanƙanta kaɗan.

1. A fara motsa tsakuwar da sanda ko manjagara, saboda kunama. Yara kada su sa hannu kafin babba ya duba.
2. A kwashe ta a kan buhu ko tabarma. A tsaya daidai inda ƙasa ta fara, kada a kankaro ƙasar.
3. A jingine rariyar a karkace, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Busasshiyar tsakuwa ta fi saurin tankaɗuwa. A ɗaura ƙyalle a hanci da baki, a tsaya ta inda iska take fitowa.
4. Abin da ya faɗo ƙarƙashin rariya kada a zubar. Ƙurar hunturu ce da ruɓaɓɓen ganye, abinci ne ga ƙasa. A kai shi ramin taki ko a mayar gindin itacen.
5. Yanzu da ƙasar take a buɗe, lokacin ciyar da ita ya yi. A tuge saiwar ciyawa, a zuba ruɓaɓɓen taki, a daidaita, a danna, a ba ta ruwa.
6. A mayar da tsakuwar, a ƙara sabuwa inda kaurin ya ragu. Idan itacen ya girma, a faɗaɗa da'irar zuwa inda inuwar rassansa take kaiwa, domin saiwar da ke shan ruwa can take.

*Wanki.* Ba kullum ake bukatarsa ba, sai idan laka ta manne rariya ta kasa cire ta. A zuba tsakuwar cikin kwando ko bokiti mai huji, a tsoma cikin rabin duro na ruwa, a girgiza, a ɗaga. Ruwa ɗaya yana wanke kwando da yawa. Idan ya yi kauri, a kai wa itatuwan da ba su da tsakuwa. Kada a yi wannan wanki a bakin rijiyar sha.

Idan gansakuka ta kama ta, alama ce wurin yana shan ruwa fiye da kima. A baza tsakuwar a rana kwana biyu ko uku, a goge da tsintsiya, a rage ban ruwa. Idan kuwa shukar da ke wurin cuta ce ta kashe ta, a wanke tsakuwar, a shanya ta a rana mai zafi makonni, ko a mai da ita kan hanya, kada a kai ta gindin sabuwar shuka nan da nan.

Ruwa da rana da rariya sun isa. Kada a zuba gishiri don kashe ciyawa, yana kashe ƙasa har shekaru. Kada a sa kananzir, ko baƙin mai, ko ruwan batir, ko maganin da ake sa wa farin kaya. Duk abin da aka zuba a kan tsakuwa, saiwa ce za ta sha shi. Tsakuwar da mai ya zuba a kanta a kwashe ta gaba ɗaya daga lambu.

Ku gwada da kanku

Gani ya kori ji. Ku sami gwangwani uku masu girma ɗaya, ku huda gindinsu, ku zuba ƙasa iri ɗaya daidai wa daida. Ku zuba wa kowanne ruwa daidai da na ɗan'uwansa. Na farko ku bar shi a buɗe. Na biyu ku rufe shi da tsakuwa mai tsabta, kaurin yatsu uku. Na uku ku rufe shi da tsakuwar da kuka gauraya da turɓaya. Ku ajiye su a rana wuri ɗaya. Bayan kwana huɗu ko biyar, ku ture abin da ke sama ku taɓa ƙasar, ko ku auna nauyinsu idan akwai sikeli. Ku nuna wa maƙwabta abin da kuka gani.

Haka ma a lambu. Ku fara da itace biyu ko uku, ku bar wasu kamar yadda kuka saba, wasu kuma ku rufe da ciyawa. Ku riƙa ƙirga bokitin da kowanne ya sha har ƙarshen rani. Ƙasa ta bambanta daga gari zuwa gari, abin da gwajinku ya nuna shi za ku bi.

Aikin haɗa hannu

Hausawa sun ce tsakuwa ɗaya ba ta daɓe. Mutum ɗaya zai gaji kafin ya tara bokiti 16, amma gayya ta yini ɗaya da amalanke ko jaki biyu tana iya rufe itatuwan gidaje da yawa. Rariya ɗaya ta ishi unguwa guda idan ana karɓa-karɓa. Ƙungiyar mata ko ta matasa za ta iya sa rana ɗaya a shekara ta zama ranar tankaɗe, a fara da gidajen tsofaffi da gwauraye waɗanda ɗaukar ruwa ya fi yi wa wuya. A kuma koya wa yara dalilin aikin, domin su ne za su gaji itatuwan, su ne kuma za su riƙe rariyar nan gaba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Itatuwa nawa aka dasa a garinmu bara, nawa suka kai damina da rai? Me ya kashe sauran?
2. Da me muke rufe ƙasa yanzu, kuma me yake hana shi daɗewa?
3. Ina za mu sami tsakuwa ba tare da mun ɓata rafi ko gonar wani ba? Akwai wurin da ya kamata mu guje wa?
4. Wa zai gwada a bana, kuma yaushe za mu taru mu ga sakamakon?
5. Wa zai ajiye rariya, kuma wace rana za mu sa domin tankaɗe kowace shekara?